Malamin Potiskum a Banjul

Tun 1987 Najeriya ke tura ƙwararru ƙasashen waje ƙarƙashin shirin TAC, aikin shekara biyu, kuma Gambiya na cikin masu karɓar malamanmu.

Malamin da ya baro ƙurar Potiskum da tirelolinta, yana sauka Banjul iskar teku za ta tarbe shi, gumi ya ƙi bushewa. A aji Turanci ake yi, amma da an tashi tara sai Mandinka da Wolof, ya koma ɗan kallo. Kiran salla ne ke kwantar masa da hankali, sai domoda, miyar gyaɗarsu.

Muna alfahari da shi ƙwarai. Roƙona dai, kafin a sallami irinsa, hukumomin ilimi su tanadi wanda zai riƙe ajin da ya bari.