Maƙoƙo, Ciwon Daji, da Fiɗar da Ba Ta Barin Tabo

Yau maganarmu a kan kumburin gaban wuya ce, wanda muke kira maƙoƙo, da kuma wani sabon aikin fiɗa da labarinsa ya fara yawo a wayoyin hannu, har mutanen Tsafe da Bungudu suna tambayar malaman ɗakin magani a kansa.

A gaban wuyan kowane mutum, ƙasa kaɗan da zakaran wuya, akwai wata 'yar tsoka mai siffar malam-buɗe-littafi. Likitoci suna kiranta tayirod. Ita ke sarrafa wani ruwa da ke daidaita ɗumin jiki da bugun zuciya da kuzari. Ba ta iya wannan aiki sai da sinadarin aidin. In ta rasa shi sai ta yi ta girma. Shi ya sa a 1993 gwamnatin Nijeriya ta wajabta sa aidin cikin gishirin ci. Ku sayi na leda mai alamar aidin, ku rufe shi, kada ku bar shi a rana. Amma ku sani, gishiri riga-kafi ne kawai, ba ya narkar da ƙullutun da ya riga ya kafu.

Yawancin maƙoƙo ba daji ba ne. Cikin ƙullutu goma da aka gwada, kamar ɗaya ne ake samu da daji. Ya fi kama mata, wajen ninki uku na maza. Ga alamun da ba a wasa da su: ƙullutu mai tauri kamar dutse, ko wanda ya daɗe shiru sa'an nan ya tashi girma da sauri, murya ta dushe mako uku ba mura, tuwo yana tsayawa a maƙogwaro, numfashi yana wuya in an kwanta, ko kaluluwa ta fito a gefen wuya ta ƙi komawa. Wanda ya ga ɗaya daga cikinsu, ya tafi ɗakin magani cikin makon nan. Kada a kai wa wanzami ya tsaga, kada a yi lalas. Manyan jijiyoyin jini suna nan kwance kusa da wurin.

Malamin ɗakin magani ba shi da kayan da zai rarrabe. Zai ba ka takarda zuwa babban asibitin Tsafe ko na Bungudu, ko kai tsaye zuwa Gusau, Asibitin Tarayya ko na Yariman Bakura. In abin ya buƙaci ƙwararru, a tura ka asibitin koyarwa na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ko na Ahmadu Bello a Shika, ko na Malam Aminu Kano. Akan ɗauki hoton wuya, a gwada jini, a zuƙo ɗan abin da ke cikin ƙullutun da siririyar allura a duba shi a madubin likita.

In an ce daji ne, kada zuciya ta karye. Irin da ya fi yawa a wannan tsoka mai tafiyar hawainiya ne, kuma fiye da tara cikin goma na masu shi suna raye bayan shekara goma in an yi musu aiki. Aikin kuwa tsoho ne. Wani likitan ƙasar Suwizalan, Theodor Kocher, shi ya gyara hanyarsa, har aka ba shi kyautar Nobel a 1909. Akan yanka gaban wuya a bisa lanƙwasar fata, a cire rabin tsokar ko dukanta. Tabon yakan dushe cikin shekara guda, sarƙa ma ta rufe shi.

To, sai sabon aikin. A shekara ta 2000 Amurka ta yarda a yi fiɗa da wata na'ura mai suna da Vinci. Mutane suna ce mata mutum-mutumi, amma ba ta yanka kowa da kanta. Likita ne ke zaune gefe yana duban hoto, yana juya siraran hannuwanta. A 2007 Dakta Woong Youn Chung na asibitin Severance a birnin Seoul, ƙasar Koriya ta Kudu, ya fara cire tayirod da ita ta hammata. A 2016 kuma Dakta Angkoon Anuwong na Bankok, ƙasar Tailan, ya bayyana yadda ya yi wa mutum 60 aikin ta ƙananan kafofi uku a cikin leɓen ƙasa, da madubi da dogayen kayan aiki. Daga baya wasu suka bi wannan hanya da na'urar.

Watau ba a rasa yanka ba, ɓoye shi aka yi. Kuma hanyar ta fi nisa, sai an bi ƙarƙashin fatar ƙirji ko ta haɓa kafin a isa wuya. Saboda haka aikin ya fi daɗewa, wasu kuma sukan ji ƙirji ko haɓa ya mutu musu wata da watanni. Na'urar kanta ta fi dala miliyan ɗaya, mai ciwo kuwa shi ke ɗaukar rabonsa na kuɗin. Ba ta fi aikin da aka saba warkarwa ba. Amfaninta wuya ya fita sumul.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne, ƙananan ƙullutu aka fi yi wa wannan aiki. A Koriya an yi ta ɗaukar hoton wuyan masu lafiya, har adadin waɗanda aka ce suna da dajin ya ninka sau 15 tsakanin 1993 da 2011, alhali masu mutuwa da shi ba su ƙaru ba. Nasu ƙullutun kamar ƙwayar wake ne. Namu kuwa sau da yawa ba ya zuwa asibiti sai ya kai ƙwallon mangwaro, ko ya wuce. Irin wannan ba ya fita ta leɓe, haka wanda ya kama abin da ke kewaye da shi.

Mun san dalilin da ya sa labarin ya yi daɗin ji. Budurwa tana tsoron tabo ya kori manema, matar aure tana tsoron gorin kishiya, sai a naɗa gyale a yi shiru. Malam mai gida, a nan aikinka yake: kai za ka ba da izni da kuɗin mota, kuma kai za ka ce mata tabon bai dame ka ba. Kada a sayar da gona don neman fiɗar ƙasar waje, kada kuma a zauna jiranta ƙullutu yana girma.

Bayan fiɗa, in an cire tsokar duka, za a sha ƙwayar tayiroksin kowace safiya kafin karin kumallo har iyakar rai. Ba a dainawa don an ji sauƙi. In leɓe da yatsu suka kama zir-zir ko suka sandare, ko wuyan ya kumbura numfashi ya tsananta, a koma asibiti nan take, ko da dare ne. A riƙe katin asibiti da kyau, a je duk ranar da likita ya sa.

Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A huta lafiya.