Sojan da Ya Cire Kwalkwali: Yadda Zan Sake Tsara Finafinan Star Wars Uku na Ƙarshe



Da aka gayyace ni in yi magana kan tsara labarin fim, wani abokina ya tambaye ni dalilin da zai sa in tsallake finafinanmu na gida in ɗauko na masu faɗa da takobin haske a sararin samaniya. Na ce masa, a wajena wannan shi ne misali mafi girma a zamaninmu na masu fim da suka tsinci dami a kala, suka ajiye shi gefe, suka koma tonon rumbun bara. Abin yana ci mini rai, domin ina ƙaunar waɗannan finafinai tun ina yaro.

Ga wanda bai bi labarin ba, George Lucas ne ya fito da Star Wars a 1977, kashi biyu suka biyo baya a 1980 da 1983. A cikinsu wani matashi ɗan ƙauye, Luke Skywalker, da tagwaiyarsa Leia, da wani direban kumbo mai fasa-ƙwauri, Han Solo, suka rushe azzalumar Daula ta sarki Palpatine, bayan Luke ya gano cewa babban dogarin sarkin, Darth Vader, mahaifinsa ne. Daga 1999 zuwa 2005 Lucas ya yi wasu uku da suka koma baya suka nuna yadda Vader ya lalace. A watan Oktoba na 2012 kamfanin Disney ya sayi Lucasfilm kan dala biliyan 4 da 'yan kai, sannan ya fito da ci gaban labarin, kashi na bakwai zuwa na tara: The Force Awakens a 2015, The Last Jedi a 2017, The Rise of Skywalker a 2019. J.J. Abrams ya ba da umarni a na farko da na ƙarshe, Rian Johnson a na tsakiya. Na farkon ya tara sama da dala biliyan 2, na ƙarshen ya tsaya a kusan rabin haka.

Ku tuna mintunan farko na fim ɗin 2015. Shekara talatin bayan faɗuwar Daula, ragowarta, masu kiran kansu First Order, sun dira wani ƙauye a duniyar Jakku da daddare. Wani soja ya faɗi, ɗan'uwansa ya durƙusa kansa, mai mutuwar ya ɗaga hannu ya shafa masa jini a kwalkwali. Da aka ba da umarnin a harbe mutanen ƙauyen, wannan sojan ya kasa danna kunamar bindiga. Da suka koma kumbo ya laɓe ya cire kwalkwalin yana haki, muka ga fuskar mutum tana zufa. Tun 1977 muke kallon jarumai suna zubar da waɗannan fararen sojoji kamar fara, 'yan kallo suna tafi, sai a wannan dare aka nuna mana cewa akwai ɗan wani a ciki. Ba shi da suna, lamba gare shi, FN-2187, don tun yana jariri aka sace shi daga iyayensa. Matuƙin jirgin da suka gudu tare, Poe, shi ya raɗa masa Finn. Wanda ya fito a matsayinsa John Boyega ne, haifaffen Landan, iyayensa 'yan Nijeriya.

Bayan 'yan mintuna sai ga Finn yana harbin abokan tasowarsa yana sowa, fim ɗin kuma bai tsaya ya tambaye shi yadda ya ji ba. A kashi na gaba aka aika shi wani birnin caca neman mai buɗe makulli. A na ƙarshe yawancin aikinsa bin jaruma Rey yana kiran sunanta. An kawo wata mai suna Jannah ta ba shi labarin yadda rundunarsu gaba ɗaya ta ajiye makamai da aka ce su harbi farar hula, amma da baki aka faɗa, cikin minti ɗaya ko biyu, alhali abin da ya cancanci fim sukutum ke nan. Boyega da kansa ya koka a hirarsa da mujallar GQ ta Birtaniya a 2020, cewa an tallata shi a matsayin babban jarumi sannan aka ture shi gefe.

Dalilan da suka jawo haka sanannu ne. An sallami marubucin farko, Michael Arndt, a 2013 saboda lokaci ya ƙure. Bob Iger, shugaban Disney na lokacin, ya bayyana a littafinsa na 2019 cewa Lucas ya ji an ci amanarsa da aka ajiye tsarin labarin da ya ba su. Colin Trevorrow, wanda aka ba kashi na ƙarshe, ya bar aikin a 2017. Ga kuma rasuwar Carrie Fisher, mai fitowa a matsayin Leia, a Disamba 2016, wadda ba laifin kowa ba ce. Sai dai ba a fafe gora ranar tafiya. An kama hanya ba a yanke inda za a sauka ba, shi ya sa kashi na takwas ya ce iyayen Rey ba kowa ba ne, na tara ya ce jikar Palpatine ce, ya kuma tono Palpatine daga kabari a rubutun buɗe fim ba tare da shimfiɗa ba.

To ni da za a ba ni alƙalami, ga zaren da zan kama. Yara uku ne a tsakiyar labarin nan, kuma kowanne an raba shi da gidansu. Finn sace shi aka yi. Rey iyayenta suka sayar da ita a Jakku. Ben Solo, ɗan Han da Leia, wanda ya zama Kylo Ren, ɗan riƙo ne, uwarsa ta miƙa shi ga kawunsa Luke ya yi masa tarbiyya. Kuma wannan tsohon ciwo ne a Star Wars. Anakin, wanda ya zama Vader, yana ɗan shekara tara mayaƙan Jedi suka ɗauke shi suka bar uwarsa cikin bauta, har majalisarsu tana cewa ya yi girma da yawa, domin su tun daga goyo suke karɓar yara. Wato mutanen kirki da mugaye duk a rijiya ɗaya suke ɗiban mayaƙa. Tambayar da finafinan uku ya kamata su yi ke nan: wa zai daina?

A kashi na bakwai zan bar farkon yadda yake, amma zan cire katafaren makamin nan mai tarwatsa duniyoyi, don sau biyu mun riga mun ga irinsa, a 1977 da 1983. Zan bar Sabuwar Jamhuriya, wadda ta gaji Daula, a tsaye mu gan ta da ido, da majalisarta da gardandaminta, Leia tana ciki a matsayin sanata. Shekara da shekaru yara suna ɓata a duniyoyin bakin iyaka, iyaye mata suna zuwa ƙofar majalisa ɗauke da hotuna, ana ce musu aikin 'yan fashi ne, domin amincewa da gaskiyar yana nufin komawa yaƙin da kowa ya gaji da shi. Abin da kowa yake farauta a fim ɗin zai tashi daga taswirar maɓoyar Luke ya koma wani kundi da Finn ya sato ranar da ya gudu, mai ɗauke da lambar kowane soja, da sunan yankansa, da garin da aka ɗauko shi. Leia ta kai Finn gaban majalisa ya ba da shaida. A ranar ne abokan hamayyarta suka fallasa cewa ita 'yar Vader ce. Wannan na aro shi daga littafin Bloodline na Claudia Gray, na 2016, kuma ina ganin a allo ya kamata ya fito. Maganar ta juya daga yaran da aka sace ta koma kan jinin Leia, aka tashi ba a yanke komai ba. Han ya tafi da kansa don ya dawo da ɗansa, ɗan ya kashe shi, kamar yadda yake a asali. Wannan wurin ba zan taɓa shi ba.

A kashi na takwas ina tare da Rian Johnson fiye da yawancin masu sukarsa. Luke ɗin da ya karaya ya gudu tsibiri mutum ne da na yarda da shi. Kuskuren shi ne an nuna mana dalilin karayar a 'yan daƙiƙu. Ni zan buɗe fim ɗin da makarantar Luke, minti ashirin: yaro Ben yana kewar gida, yana jiran saƙon uwarsa, yana jin raɗe-raɗi kan kakansa, kawunsa kuma yana ganin ɗalibi a inda ya kamata ya ga ɗa. Idan muka kai daren da Luke ya tsaya kansa da takobi a kunne, za mu ji nauyinsa. Da Rey ta zo neman karatu, dalilin ƙinsa ya fito sarari, ya yi rantsuwa ba zai sake karɓar ɗan kowa ba. Ita kuma ta amsa masa cewa ita ba wanda ya kawo ta, da ƙafarta ta zo. Iyayenta kuma su zauna yadda Johnson ya ce, 'yan gwangwan da ba wanda ya san su. Mun saba cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, amma labarin da ya ce baiwa sai gidan sarauta ya rufe ƙofa ga yaron nan mai shara da aka nuna a ƙarshen fim ɗin yana jawo tsintsiya ba tare da ya taɓa ta ba.

Babban rikicin wannan kashi zai kasance tsakanin abokai biyu. Poe ya gano jirgin da ake horar da sabbin sojoji, ya ce a tarwatsa shi yaƙi ya ƙare. Finn ya ce akwai yara dubbai a ciki, kuma a irin ɗakin nan ya yi rarrafe. Kowannensu yana da hujja, Leia ce za ta yanke, kuma duk abin da ta zaɓa wasu za su mutu. Ta hana harin, suka yi asarar sansaninsu saboda haka, mutane suka fara kallon Finn da idon zargi. Ben ya kashe maigidansa Snoke ya hau kujera, Luke ya yi tsayuwarsa ta ƙarshe ya cika.

Kashi na tara ba Palpatine a ciki. Bos ɗin fim shi ne Ben, wanda muka san uwarsa da ubansa, kuma wannan ya fi ban tsoro. Za a buɗe da jana'izar Leia. Finn ya sake sa farin sulken da ya tsana ya koma cikinsu. Rubutun Trevorrow da ya ɓulla a intanet a 2020 ya kusanci wannan, inda Finn ya jagoranci bore a birnin Coruscant, amma ni ba da bindiga zai yi ba. Zai kama na'urar sadarwar rundunar ya fara karanta kundin nan, lamba, suna, gari, sunan uwa, lamba, suna, gari, sunan uwa, ana ɓarin wuta a waje yana ci gaba. Wani ya tsaya, ya kai hannu wuya ya cire kwalkwali, na kusa da shi ya bi. Wasu kuma suka harbe waɗanda suka cire, domin ba kowa ke son a tuna masa abin da ya rasa ba. Rey ta kayar da Ben ta ƙi kashe shi.

A fim ɗin 2019 Ben ya tuba ya mutu nan take, kamar kakansa a 1983. Wannan hanya ce mai sauƙi ga marubuci, don matacce ba ya fuskantar waɗanda ya zalunta. Ni zan bar shi da rai, a gurfanar da shi, ya saurari shaidu ɗaya bayan ɗaya. Kuma ba shi kaɗai ba. Waɗanda suka cire kwalkwali an zalunce su suna jarirai, su ma sun zalunta da suka girma. A zauren nan ba sai na yi dogon bayani ba. Tun da aka buɗe sansanin tubabbun mayaƙa a Malam Sidi ta jihar Gombe ƙarƙashin shirin Operation Safe Corridor muke jin muhawarar, tsakanin mai cewa yaro ne aka sace da mai cewa shi ya kashe mini miji, kuma duka biyun gaskiya suke faɗa. Zan ba wannan zama rubu'in fim ɗin. Wata tsohuwa da ta tsira daga ƙauyen Jakku za ta dubi Finn ta ce ta ji bai yi harbi ba a daren nan, amma me ya hana shi tare na kusa da shi? Ba zan ba shi amsa ba. Zai sunkuyar da kai, a bar shirun ya yi tsawo.

Tun kashi na bakwai kundin yana hannun Finn, ya karanta wa dubbai sunayensu, shafinsa kaɗai ya ƙi buɗewa. A fitowa ta ƙarshe za mu gan shi ya sauka wata ƙaramar duniya mai gonaki, ba sulke, ba bindiga, Rey da Poe sun tsaya can baya wajen kumbo. Ya bi wata siririyar hanya har ƙofar wani gida, ya yi sallama. Wata dattijuwa ta fito da ƙwarya a hannu, ta daɗe tana kallonsa. Kyamara tana nesa, ba ma jin abin da suke cewa, sai dai mu ga bakinta ya motsa da wani suna, ƙwaryar ta suɓuce, shi kuma ya durƙusa.