TSAKANIN KANO DA SAKKWATO: TA SAMA DA TA ƘASA



Maganar yau a kan nisan tafiya ce. Gari biyu sukan yi nisa iri biyu: nisa ta sama da nisa ta ƙasa. Wanda bai san bambancinsu ba yakan makara a hanya, wani lokaci har jirgi ya tashi ya bar shi.

Misalin yau shi ne Kano da Sakkwato. A Kano akwai filin jirgin sama na Malam Aminu Kano. Shi ne mafi daɗewa a Nijeriya, tun 1936 ake aiki da shi. A Sakkwato kuwa akwai filin Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, wanda ya yi sarauta daga 1938 zuwa 1988.

Ta sama, tsakanin filayen biyu kimanin kilomita 370 ne. Jirgi ba ya kewaya dutse, ba ya neman gada. Miƙewa yake yi sak kamar hankaka. Kafin awa ɗaya ta cika ya sauka.

Ta ƙasa kuwa, tafiyar ta fi kilomita 500. Me ya kawo haka? Hanya ce ba ta miƙe ba. Mota za ta bi ta Gwarzo, ta wuce Malumfashi, ta gangara Funtuwa. Daga nan ta juya arewa maso yamma, ta bi Tsafe da Gusau da Talata Mafara, sannan Sakkwato.

To, ga lissafin da kowa zai iya yi a allo. Idan mota tana cin kilomita 70 a awa ɗaya, a raba 500 da 70. Amsa ita ce awa 7 da 'yan mintoci. A ƙara lokacin salla da cin abinci da shan mai da tsayawa a shingayen bincike. Yini guda ya tafi ke nan. Dattawan da suka saba da mil kuwa, su riƙe cewa mil 5 daidai yake da kilomita 8.

Amma kada a ce mai jirgi awa ɗaya kawai zai ɓata. Sai ya isa filin da wuri, a duba tikiti, a auna kaya. Kuma ba kullum ake samun jirgi kai tsaye ba. Sau da yawa sai an bi ta Abuja an sake wani, kuɗi kuma ya ƙaru.

Saboda haka, maniyyacin da aka ce jirginsa daga filin wani gari zai tashi, ya yi lissafi da nisan mota. Haka mai kai maras lafiya babban asibiti. A yi sammako, a tambayi direbobin tasha halin da hanya take ciki. A guji tafiyar dare, musamman tsakanin Funtuwa da Gusau, inda matafiya suka sha fama da 'yan bindiga.

Ga aikin wannan wata. Kowane ɗalibi ya karanta allon hanya mafi kusa da garinsu, ya rubuta sunan gari da yawan kilomita, ya kawo wa malami a aji.

Allah ya kiyaye hanya, ya kai kowa gida lafiya, amin.