Hular Auduga Daga Mabai

Shugabar ƙungiya, malamanmu, 'yan uwana tsofaffin ɗalibai.

Kun san ni da keken ɗinki tun muna makaranta. Da ciwon daji ya kama yayata, muka riƙa kai ta asibitin koyarwa na Shika, Zariya. Bayan allura ta biyu, gashinta ya zube ƙarƙaf. Ɗankwali ya ƙi zama, sai zamewa. Leshi kuwa ƙaiƙayi. Ko gidan suna ta daina zuwa.

Sai na ɗinka mata hular auduga mai taushi, bakin ɗinkin ta waje, ta ɗaura kallabi bisa. Matan da ke layin ganin likita suka yi ta tambaya. Yanzu ni da yara biyu muke ɗinkawa a Mabai, muna sayarwa da rahusa.

Roƙona ɗaya: guntayen yadin auduga da ke cikin akwatunanku, ku aiko mini.