Bayan Kuɗin Tallafi Sun Shiga Asusun Makaranta

Jawabin da aka gabatar a gaban malaman firamare na Birnin Kudu da Gwaram



An umarce mu da mu yi magana a kan kuɗin tallafin da ake bai wa makarantunmu. Mu malaman aji ne. A kwalejin ilimi an koya mana tsara darasi da riƙon aji da auna fahimtar yara, amma ba mu tuna ranar da aka buɗe mana littafin shige da ficen kuɗi ba. Duk da haka, yau da yawa daga cikinmu ne sakatarorin kwamitin kula da makaranta, wato SBMC, kuma sa hannunmu ne ke kan takardun banki. Saboda haka abin da za mu faɗa darasi ne da muka koya a bakin aiki, wani ma da ɗaci.

Mu fara da tuna inda kuɗin nan suke fitowa. Dokar ilimin bai ɗaya ta 2004 ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya ga hukumar UBEC, kuma jiha ba ta karɓar kasonta na gine-gine sai ta ajiye daidai da shi. Daga 2008 zuwa 2017 shirin ESSPIN, wanda gwamnatin Birtaniya ta ɗauki nauyinsa, ya yi aiki a jihohi shida har da Jigawa, kuma a zamaninsa ne kwamitocin makarantu suka samu horo suka tsaya da ƙafafunsu. A 2015 shirin NIPEP ya zo da dala miliyan 100 daga asusun GPE ƙarƙashin kulawar Bankin Duniya, domin jihohin Jigawa da Kano da Kaduna da Katsina da Sakkwato. Shi ne da yawanmu muka fi tunawa, domin ya tura kuɗin gyara kai tsaye zuwa asusun makaranta, ya tallafa wa karatun 'yan mata, ya kuma taimaki malamai mata su samu takardar NCE. Duk waɗannan suna da abu guda: mai bayarwa shi ma akwai wanda zai tambaye shi. Jami'in da ya zo mana daga ofishin ilimi na ƙaramar hukuma zai amsa tambaya a Dutse, na Dutse zai amsa a Abuja, na Abuja kuma yana da nasa masu tambayar. Rasit ɗin da muka yar a kasuwa, shi ake nema a can sama.

Ga abin da ya same mu a wata makaranta da muka koyar. Kwamiti ya zauna ya rubuta tsarin bunƙasa makaranta, aka amince mana da yin bencina, domin yaran ƙananan azuzuwa a ƙasa suke zama. Kuɗi suka shigo, muka yi murna. Kafin kafinta ya fara aiki sai guguwar farkon damina ta yaye kwanon aji biyu cikin dare ɗaya. Da safe muka taru a gindin bishiya da mai unguwa da liman da iyaye, kowa ya ce rufi ya fi benci gaggawa, kuma gaskiya suka faɗa. Muka ciro kuɗi, muka sayi kwano da katako da ƙusa, muka biya kafinta hannu da hannu. Cikin mako guda yara suka koma aji. Ba mu rubuta abin da aka yanke a zaman ba, ba mu sanar da ofis ba, mai kwano bai ba mu rasit ba, mu ma ba mu nema ba.

Bayan wasu watanni jami'an sa ido suka zo riƙe da tsarin da muka sa wa hannu. Suka nemi bencina, babu. Muka nuna musu rufi, suka ce sun gani, amma ina takarda? Aka dakatar da sauran kuɗin. Kafin la'asar magana ta zagaye gari cewa hedimasta ya ci kuɗin makaranta. Dattijo ne da ya kusa ritaya, wanda bai taɓa ko kwabo ba, amma sai da ya yi makonni yana jin nauyin zama a majalisar ƙofar masallaci. Sai da mai unguwa da kafinta suka je suka ba da shaida kafin a wanke shi. Zango guda ya wuce yara suna zaune a ƙasa. Ba mu ga laifin jami'an ba, aikinsu suka yi. Niyyarmu mai kyau ce, amma mai binciken kuɗi ba ya iya karanta zuciya, takarda yake karantawa.

Daga wannan muka ɗauki darussa huɗu.

Na farko, takardar yarjejeniya a karanta ta a gaban kwamiti duka, a fassara ta da Hausa, tun kafin a ciri naira ɗaya. Kowa ya ji abin da aka yarda a saya, da abin da aka hana, da ranar kai rahoto, da waɗanda za su sa hannu. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Gara mu san irin askin tun da wuri.

Na biyu, a rubuta komai ranar da aka yi shi. Littafi guda na kuɗi, littafi guda na zaman kwamiti. A nemi farashi daga 'yan kasuwa fiye da ɗaya, ko a kasuwar Sara ko a cikin garin Birnin Kudu, a rubuta dalilin zaɓen wanda aka zaɓa. Idan magini ko mai ɗebo yashi ba shi da rasit, a rubuta masa takarda ya sa hannu ko ya dangwala yatsa a gaban shaidu biyu. A ɗauki hoto da waya kafin aiki da bayansa. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu, domin aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Kuma kada hedimasta ya zama shi ne mai cirowa, shi ne mai sayowa, shi ne mai lissafi. Raba aikin nan kariya ce gare shi kafin kowa.

Na uku, kuma shi ne ya fi ƙona mu, labari mara daɗi a kai shi da wuri. Tsari ba ya tafiya yadda aka rubuta shi kullum. Duk mun ga yadda farashin siminti da kwano da kuɗin mota suka tashi bayan cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023. Kuɗin da aka ƙiyasta za su gama aiki suka koma ba su kai ba. Idan haka ta faru, kwamiti ya zauna, a rubuta wasiƙa zuwa ga Sakataren Ilimi, a bayyana abin da ya canza da abin da ake neman yi, a ajiye kwafi mai ɗauke da hatimin karɓa. Da mun yi haka ranar guguwa, da takarda ɗaya ta ishe mu. Mai ba da tallafi yakan yi haƙuri da matsalar da aka gaya masa. Wadda ya tono da kansa ce ke kashe yarda, kuma idan yarda ta mutu a makaranta ɗaya, maƙwabtanta ma sukan sha tambaya.

Na huɗu, mu tuna cewa masu tallafi baƙi ne, kuma baƙo raɓa ne. ESSPIN ya tafi, NIPEP ya tafi, waɗanda ke nan yanzu su ma suna da ranar tafiya. Masu zama su ne iyayen yara. Don haka duk rahoton da za mu aika Dutse, mu fara karanta shi a gabansu. A rubuta abin da ya shigo da abin da aka kashe da abin da ya rage a jikin allo inda kowa zai gani, a kuma kai bayanin ga iyaye mata, waɗanda sau da yawa ba sa zuwa taro amma su ne ke shirya yaro da safe. Al'ummar da ta san inda kuɗi suka tafi ita ce za ta gyara famfo idan ya lalace, ta hana a ɗaure awaki a aji lokacin hutu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma jita-jita ba ta da mashiga sai inda aka yi rufa-rufa.

Muna da roƙo ga shugabannin reshe. Ƙungiyarmu ta NUT ta saba tsayawa a kan albashi da ƙarin girma da haƙƙin 'yan fansho, kuma muna godiya. Muna roƙon a ƙara da wannan: a riƙa haɗa sababbin shugabannin makarantu da waɗanda suka riga suka riƙe irin wannan kuɗi, ko da zaman yini ɗaya ne a farkon zango, a nuna musu yadda ake cika littafi da rubuta rahoto. Idan kuma aka zargi ɗan'uwa, reshe ya duba takardunsa kafin ya yanke hukunci ko ya tsaya masa. Wanda ya ci amanar yara ba mu da abin kare shi da shi. Amma mai gaskiyar da rashin sani ya jefa a rami, haƙƙinmu ne mu ciro shi, mu kuma rufe ramin.

Ga iyalanmu da za su karanta wannan a gida, idan kuka ga maigida ko uwargida suna ta juya rasit da dare, ku yi musu uzuri. Mutuncin gidan suke tsarewa.

Allah Ya ba mu ikon riƙe amana, Ya yi wa yaranmu albarka, Ya sa mu gama aiki lafiya da sunanmu a wanke.