Layi Biyu, Gada Ɗaya

Shugaban taro, malamanmu, iyayenmu alhazai da hajiyoyi, 'yan kasuwa, da ku matasa masu harkar na'ura daga Gbégamey da Zongo da kewaye, ina gaishe ku, kuma na gode da kuka bar shagunanku kuka zo.

An ce in yi magana a kan rautar da aka haɗa wa intanet fiye da ɗaya: yadda take sa ido a kan layukanta, da yadda take komawa kan na biyu idan na farko ya mutu. Magana ce ta masu sana'a, amma ranar da abin ya lalace, asarar tana faɗawa ne kan mai shagon MoMo, da ofishin fiton kaya da ke jiran shafin GUCE ya buɗe, da ɗan kasuwar da zai fitar da takardar haraji ta e-MECeF, da yaron da ya ci bashi ya kafa wayifai yana sayar da tikiti a unguwa. Saboda su zan yi maganar yadda kowa zai bi ni.

Ku tuna Alhamis 14 ga Maris 2024, a farkon azumi. Wayoyi huɗu da ke shimfiɗe a ƙarƙashin teku, WACS da ACE da SAT-3 da MainOne, suka lalace rana ɗaya daura da gaɓar Kwadebuwa. Kamfanin MainOne ya ce binciken farko ya nuna motsin ƙasa ne a ƙasan teku. Benin na cikin ƙasashen da abin ya fi taɓawa, tare da Laberiya da Gana da Burkina Faso. Hukumar sadarwa ta Gana ta ce gyaran zai ɗauki aƙalla mako 5. Jirgin gyara Léon Thévenin sai da ya taso tun daga Cape Town, MainOne kuwa bai dawo ba sai cikin Mayu. Biyu daga cikin wayoyin nan, SAT-3 da ACE, a nan Kwatano suke sauka. Shi ya sa mutum zai iya riƙe sim biyu na kamfani biyu a ranar, ya zauna jugum tare da mai sim ɗaya. Manyanmu kuma ba su manta ƙarshen Yulin 2009 ba, lokacin da SAT-3 ita kaɗai ta katse, Nijar da Togo suka yanke, Najeriya ta rasa wajen kashi 70 cikin ɗari na ƙarfin intanet ɗinta.

Ku da ke tura kaya arewa kun riga ni sanin wannan. Kafin juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023, Alhaji zai raba kayansa tsakanin masu motoci biyu, ya ce in wannan ya makara wancan zai isa Dosso. Da aka rufe gadar Malanville, motocin duka biyu suka tsaya a layi ɗaya, domin direba biyu ne amma gada ɗaya ce. Wanda ya samu ya motsa shi ne mai wata hanyar ta daban, ta Lome da Burkina. To, haka intanet take. Kafin ka biya kuɗin layi na biyu, tambayar ita ce: a ina hanyarsa ta rabu da ta farko?

Yau muna da abin zaɓi fiye da da. Akwai MTN, akwai Moov Africa, akwai Celtiis da ya fara aiki a 2022, akwai masu kawo faiba har ofis irin su Isocel, ga Starlink da ya shigo Benin a ƙarshen 2023. Uwar kamfanin Moov, Maroc Telecom, tana da wayarta ta teku da ke sauka a Kwatano, kuma a Abidjan masu Moov sun ci gaba da aiki a ranar da sauran suka tsaya. Equiano ta Google, da ta sauka Lome da Legas a 2022, ba ta cikin huɗun da suka lalace. Kamfanoni suna sayen hanya daga juna, abin kuma yana canzawa, don haka a tambaye su kai tsaye, a nemi amsa a rubuce. Starlink ma, da wasu ke ɗauka ya fi ƙarfin teku, yana sauke saƙonsa a tashar ƙasa ne, daga can ya hau waya kamar kowa, kuma ruwan sama mai ƙarfi irin na watan Yuni a garin nan yana iya tsayar da shi na ɗan lokaci. Duk da haka, wanda ya haɗa faiba da shi ya fi wanda ya haɗa sim biyu da ke kama hasumiya ɗaya. Sai kuma gadar da ke cikin ɗakinka: na sha shiga ofis in tarar da rauta da modem biyu duk a jone a soket ɗaya, ba batir. Ana ɗauke wuta, layi biyun su mutu tare. Yawancin waɗannan na'urori volt 12 suke ci, ƙaramin batir ya ishe su sa'o'i.

Yanzu ga inda nake so mu daɗe, domin nan ne aka fi yin kuskure. Rauta ba ta da ido. Ba ta san intanet ta tafi ba sai ta yi tambaya, kuma duk hukuncinta ya rataya ne a kan wanda ta tambaya.

Mafi arha cikin rautoci suna duba ko waya na jone ne kawai. Ka shiga ofishin fiton kaya kusa da tashar jiragen ruwa, ka ga rauta a saman kabad ta yi ƙura, fitilunta duka kore suna ƙyaftawa, magatakarda kuma na ta danna shafin da ya ƙi buɗewa, direba na tsaye a ƙofa yana jiran takarda. A wajen rautar nan komai lafiya, tunda wayar da ke tsakaninta da modem ba ta tsinke ba. Sim ɗin da aka saya domin irin wannan rana yana nan a cikinta, ba za ta taɓa shi ba.

Mataki na gaba shi ne ta aika ɗan saƙon gwaji, wanda masu sana'a ke kira ping, zuwa ƙofar kamfanin da ya ba ta layi. MikroTik, wadda yawancin masu wayifai a garin nan ke amfani da ita, tana yin haka kowane daƙiƙa 10, in amsa ba ta zo ba sau biyu ta ɗauka layin ya mutu. Wannan yana kama faibar da mai haƙa kwata ya sare a titi. Amma ranar 14 ga Maris ƙofar kamfani tana nan a Kwatano tana amsawa lafiya lau, ɓarnar tana can nesa a cikin teku.

Sai mai wayo ya ce to a tambayi na waje: 8.8.8.8 na Google, ko 1.1.1.1 na Cloudflare, ko 9.9.9.9 na Quad9. Ya yi gaba, amma da saura. Waɗannan lambobi ba kwamfuta ɗaya ba ce a wuri ɗaya. Lamba ɗaya ce da kwamfutoci da yawa ke amsawa da ita a birane daban-daban, wadda ta fi kusa da kai ita za ta amsa maka. Tana iya amsowa daga Legas ko Akara alhali hanyar Turai, inda manhajar da kake aiki da ita ke zaune, ta toshe. Ra'ayina, kuma na tsaya a kansa: rauta ta tambayi wurare uku aƙalla, na kamfanoni daban-daban, ɗaya na kusa, ɗaya na nesa, ɗaya kuma ya zama ainihin abin da kake cin abinci da shi. In aikinka na duwan ne, ta gwada buɗe shafin duwan. Kada kuma ta yanke hukunci da shirun wuri ɗaya, domin shi ma wurin yana iya samun tasa matsalar. OpenWrt da manhajarta mwan3 suna ba ka damar jera wuraren ka faɗi nawa ne dole su amsa, MikroTik na da Netwatch, pfSense na da rukunin ƙofofi. Abu ɗaya da masu haɗawa ke mantawa: dole gwajin kowane layi ya fita ta wannan layin. In ba haka ba, rauta ta koma na biyu, gwajin na farko ya bi ta na biyun ya samu amsa, ta ce na farko ya warke, ta koma kansa, ya sake mutuwa, haka za ta yi ta yi har dare.

Layi kuma ba kullum yake mutuwa ɗungurungum ba, ya fi yawan yin jinya. Rezo na nan, amma saƙo ɗaya cikin biyar na ɓacewa a hanya. A pfSense, in ba ka taɓa komai ba, tana fara gargaɗi idan jinkiri ya kai milisakan 200 ko asara ta kai kashi 10, ta sauke layin a milisakan 500 ko kashi 20. Ba a garin nan aka yanka waɗannan lambobi ba. Ka auna layinka mako guda, har da bayan magariba lokacin da kowa ya hau waya, ka san lafiyarsa ta yau da kullum, sannan ka sa iyaka. Ka sa ta yi saurin barin layin da ya mutu, ta yi jinkirin komawa kansa. Dalili shi ne duk sauyi yana canza adireshin da duniya ke ganinka da shi, shafin banki kuma na iya korar ka ka sake shiga daga farko, kiran WhatsApp ya tsinke. Saboda wannan dalilin ne ma ba na son a raba aikin kuɗi tsakanin layi biyu lokaci guda. Masu kallon bidiyo a raba su, ba komai. Kwamfutar da ke hulɗa da banki a ɗaure ta a layi ɗaya, sai ya mutu ta tashi.

Akwai wata mutuwar da ta fi ba ni tsoro, ita ce ta layin ajiya. Ba wanda ke amfani da shi, don haka ba wanda zai lura forfe ɗinsa ya ƙare tun watan jiya, ko an toshe sim ɗin don an daɗe ba a sa masa kuɗi ba. Akwai kuma akasin haka: faiba ta mutu ranar Litinin, rauta ta koma kan sim ba wanda ya sani, yara suka yi ta kallon ƙwallo, ranar Laraba forfen jaka ashirin ya ƙare, sai a lokacin aka gane layi biyun duka babu. Sauyin da ya yi kyau har ba a ji shi ba yana bukatar mai shela. A sa rauta ta turo saƙo ta Telegram ko tes duk lokacin da ta sauya, a kuma taƙaita abin da zai bi ta layin ajiya. Tunda rautar da ta mutu ba ta iya kai ƙarar kanta, a samu wata na'ura a waje, ko da mai ɗauke da manhajar Uptime Kuma ce, da ke jiran gaisuwarta kowane minti, in ta ji shiru ta kira ka. Tarihin da wannan sa ido ke tarawa shi ne hujjarka ranar da za ka je kamfani, ko hukumar sadarwa ARCEP, ka ce layina ya yanke sa'a kaza a watan nan.

Wannan duka yana da iyaka, kuma gara in faɗe ta. Ranar 28 ga Afrilu 2019, ranar zaɓen 'yan majalisa, an rufe intanet a ƙasar nan, kuma babu dabarar rauta da ke maganin umarnin da ya hau kan kamfanoni gaba ɗaya. Haka kuma ba daidai ba ne saƙo daga Zongo zuwa wani ofishi a Ganhi ya je Faransa ya dawo. Muna da mahaɗar intanet ta cikin gida, Bénin-IX. Ya kamata ƙungiyoyin 'yan kasuwa su nemi bankuna da hukumomi da kamfanonin sadarwa su haɗu a can da gaske, yadda ko teku ta sake yin nata, biyan kuɗi tsakanin Dantokpa da Parakou ba zai tsaya ba. Wannan magana ce da alhazanmu ke da bakin yin ta fiye da mu masu na'ura.

Ku kuma matasa masu haɗa wa mutane, ina roƙonku kada ku karɓi cikon kuɗinku sai kun yi gwaji a gaban mai shago. Zare wayar modem gwaji ne mai sauƙi, kowace rauta za ta ci shi. Ku bar modem a kunne, ku zare faibar da ke shiga bayansa, ko ku cire masa sim, yadda fitilar rauta za ta zauna kore alhali intanet babu. Ku duba agogo ku ga daƙiƙa nawa ta ɗauka kafin ta sauya, ku ga ko saƙon ya shigo wayar Alhaji, ku mayar ku ga ko ta dawo. Ku rubuta ranar a takarda ku manna a jikin kabad, ku nuna wa yaron shago yadda zai maimaita shi farkon kowane wata, ranar da ake biyan forfe.