Kumbon da Aka Ƙona da Gangan a Zuhal



Ranar 15 ga Satumba 2017, hukumar sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta tura kumbonta Cassini cikin iskar duniyar Zuhal, ya ƙone ƙurmus. Da gangan aka yi, bayan ya shafe shekara 13 yana kewaya ta.

Zuhal ba ta da ƙasar da za a taka, dunƙulen iskar gas ce. Zobban da suka yi mata ƙawanya kuwa galibi gutsattsarin ƙanƙara ne, daga mai kamar ƙwayar gero har mai girman gida. Faɗinsu ya haura kilomita 270,000, amma kaurinsu a wurare da dama bai wuce mita 10 ba.

Sai dai a ganina watanninta sun fi zobban ban mamaki. A Janairun 2005 na'urar Huygens ta Turai ta sauka a kan Titan, ɗaya daga cikinsu, ta aiko hoton tsakuwoyin ƙanƙara masu sulɓi, alamar wani abu ya taɓa gudana a kansu. Can ana ruwan sama, har da tafkuna, amma na iskar mitan da tsananin sanyi ya mayar ruwa.

Ga kuma Enceladus, ɗan ƙaramin wata mai faɗin kilomita 500 kacal, yana feso ruwa ta tsagogin kudancinsa. Cassini ya ratsa feshin, ya tarar da gishiri, shaidar akwai teku a ƙarƙashin ƙanƙarar.

Dalilin ƙona kumbon ke nan. Mansa ya kusa ƙarewa, aka ji tsoron kada wata rana ya faɗa kan Enceladus ko Titan ya gurɓata su da ƙwayoyin halitta daga duniyarmu.